Yadda bakteriyar ƙasa ke ƙera bankomaisin: darussa daga aiki da enzayim ɗinta

Duk ɗalibin nazarin ƙananan halittu a Katsina, na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ko na Dutsin-Ma ko na Alƙalam, ya san bankomaisin a matsayin maganin da likita ke ajiyewa sai ranar da Staphylococcus aureus ya gagari metisilin da danginsa. Wanda ya matsa gaba ya tambayi inda maganin ya fito zai tarar cewa bakteriyar ƙasa ce ke ƙera shi, Amycolatopsis orientalis, wadda masu binciken kamfanin Eli Lilly suka ware a 1953 daga ƙasar da aka ɗebo a tsibirin Borneo. An amince da maganin a Amurka a 1958. Manyan masana haɗa sinadarai, David Evans da K. C. Nicolaou da Dale Boger, kowa da tawagarsa, sun gina gangar jikinsa, wato maganin ba tare da sukarin da ke jikinsa ba, a ɗakin gwaji tsakanin 1998 da 1999 bayan matakai barkatai. Duk da haka, kowace kwalbar da ta shigo asibiti a yau daga tankin renon bakteriya ta fito.

Akwai tambaya guda da ke warware rabin rikicin wannan fanni, kuma ita ya kamata ku riƙa yi wa kowane enzayim kafin ku haddace sunansa: a lokacin da ya gamu da abin da zai yi aiki a kai, ina abin yake? Sake yake yana yawo cikin ƙwayar, ko ɗaure yake a jikin wani furotin? Gwaje-gwajen da suka ƙi ci a tarihin binciken nan, da yawansu a nan suka yi tuntuɓe.

Bankomaisin sarƙa ce ta amino asid bakwai. Na ɗaya lusin ne, na uku asfarajin. Sauran biyar ɗin duk masu zoben benzin ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu a jerin ashirin ɗin da ribozom ya sani. Na biyu da na shida tairosin ne da aka ƙara wa OH a kabon ɗin beta da kilorin a zobe. Na huɗu da na biyar su ne haidiroksifenilgilaisin (Hpg), na bakwai dayihaidiroksifenilgilaisin (Dpg). Huɗu daga cikin bakwai ɗin, wato na ɗaya da na biyu da na huɗu da na biyar, suna siffar D, akasin L da aka saba gani a furotin. Sarƙar a miƙe ba ta kashe komai. Sai an ƙulla zobban nan biyar da juna a wuri uku, sannan ta lanƙwashe ta tsaya ƙyam kamar ƙoƙo. Cikin wannan ƙoƙon wutsiyar D-Ala-D-Ala, wato alanin biyu masu siffar D, ta kayan ginin bangon bakteriya ke faɗawa, a riƙe ta da ɗaurin haidurojin guda biyar, ginin bango ya tsaya.

Tun da ribozom bai san waɗannan amino asid ba, dole bakteriyar ta tanadi kayanta da kanta. Hpg daga hanyar shikimet yake fitowa. Enzayim ɗin HmaS, mai aiki da ƙarfe da oksijin, yana karɓar haidiroksifenilfairubet ya cire masa kabon ɗaya ya mai da shi haidiroksimandelet. Hmo, mai FMN, ya mai da OH ɗin ya zama kito. HpgT ya ɗora amino. Wurin da ya cancanci a tsaya shi ne inda HpgT ke samo aminon: daga tairosin yake cirowa, tairosin kuwa idan ya rasa aminonsa sai ya koma haidiroksifenilfairubet, wato abin da HmaS ke jira. Hanyar tana ciyar da kanta ke nan. Dpg ba daga nan yake ba ko kaɗan, duk da kamar da suke yi a zane. DpgA yana haɗa malonil-CoA guda huɗu ya naɗe su zobe, DpgB da DpgD suna hanzarta aikin, DpgC ya saka oksijin ba tare da ƙarfe ko wani sinadarin taimako ba, abin da ba kasafai ake gani ba a enzayim mai sarrafa oksijin. HpgT ɗin nan dai shi ke rufe aikin a nan ma. Saboda yawan bukatar zobba, tarin ƙwayoyin gadon balhimaisin, ɗan uwan bankomaisin, yana ɗauke da nasa kwafin na enzayim ɗin farko na hanyar shikimet da na mai sarrafa firifenet, ƙari a kan waɗanda ƙwayar ke da su na harkar yau da kullum. Duk waɗannan enzayim a sake suke gamuwa da kayansu, in ban da riƙon CoA a hanyar Dpg, shi ya sa aka fahimce su da wuri, wajen 2000 da 2001, a ɗakunan binciken Christopher Walsh a Harvard da Dudley Williams a Kambirij da Wolfgang Wohlleben a Tubingen ta Jamus.

Daga tairosin mai OH abin ya fara sauya salo. A bakteriya masu yin bankomaisin da balhimaisin, OxyD ba ya taɓa tairosin da ke sake. Sai ƙaramin furotin BpsD ya ɗauke shi ya ɗaure, OxyD ya saka OH, Bhp ya kwance shi ya sake shi, sannan babbar na'urar da ke haɗa sarƙar ta karɓa. Actinoplanes teichomyceticus, mai yin taikofilanin, wani magani na wannan dangi, ba ya wannan kewaye: wani enzayim mai ƙarfe amma marar him (zoben nan mai riƙe ƙarfe irin na jini) ne ke saka OH ɗin bayan tairosin ya riga ya hau babbar na'urar, kuma a gurbi na shida kaɗai.

Babbar na'urar ita ce NRPS, enzayim mai haɗa sarƙar amino asid ba tare da ribozom ba, tana da zango bakwai, kowane zango da amino asid ɗinsa. A bankomaisin da balhimaisin an raba zangunan a kan furotin uku, uku da uku da ɗaya. A taikofilanin furotin huɗu ne, biyu da ɗaya da uku da ɗaya. Cikin kowane zango, ɓangaren A ke zaɓar amino asid ya kashe ATP ɗaya ya kunna shi. Ɓangaren PCP ke riƙe shi a ƙarshen wani dogon hannu na fosfofantetin, ta ɗaurin tayo'esta. Ɓangaren C ke haɗa sarƙar da ta zo daga baya da sabon amino asid. Ɓangaren E, a zango na biyu da na huɗu da na biyar, ke juya L ya koma D. A lura cewa zango na ɗaya ba shi da E, alhali lusin ɗin farko D ne, don haka ɗalibin da ya ƙirga ɓangarorin E ya ce uku ne masu siffar D ya faɗi tambayar. Hannun fosfofantetin ba a haifi furotin da shi ba, wani enzayim ne ke maƙala shi a kan wani serin daga CoA, nauyin furotin ya ƙaru da dalton 340. PCP marar wannan hannu ba ya riƙe komai. Wasu ɓangarorin A kuma ba sa narkewa ko aiki sai da ɗan ƙaramin furotin na dangin MbtH a gefensu, wanda ƙwayar gadonsa ke nan manne da ta NRPS, mutane su tsallake ta saboda ƙanƙantarta.

Kilorin misali ne mai kyau na tambayar da aka fara da ita. Enzayim guda ne ke saka duka biyun, BhaA a balhimaisin, VhaA a bankomaisin, yana aiki da FADH2 da oksijin da gishirin kiloraid. Da farko hankali zai ba ka cewa tairosin ake saka wa kilorin tun yana sake, sannan a kai shi na'ura. An gwada: an ciyar da bakteriyar da aka lalata wa wannan hanya da amino asid mai kilorin a shirye, ba ta yi balhimaisin da shi ba, amma da aka ba ta marar kilorin mai OH sai ta ci gaba da aiki. Daga baya, a 2017, aka nuna da enzayim ɗin taikofilanin cewa amino asid ɗin yana rataye a PCP ne ake saka masa kilorin, kafin a haɗa shi da sarƙa. Wani abin amfani ga mai renon ƙwaya: idan abincin ba shi da kiloraid, maganin zai fito babu kilorin kuma ƙarfinsa ya ragu. Idan aka sa buromaid a madadinsa, enzayim ɗin na karɓa, kuma ta haka aka samu balhimaisin mai buromin.

Yanzu ga zuciyar lamarin, ƙullin zobba. Enzayim ɗin Oxy duk 'yan gidan saitokurom P450 ne masu him, kuma suna bin juna a jere ba a tsallake. OxyB ke farawa, ya haɗa zoben na huɗu da na shida ta gadar oksijin. OxyA ya biyo, ya haɗa na biyu da na huɗu, shi ma ta oksijin. OxyC ya rufe da haɗa na biyar da na bakwai, kabon da kabon kai tsaye. A taikofilanin, inda gurbi na ɗaya da na uku ma masu zobe ne, akwai na huɗu, OxyE, wanda ke shigowa bayan OxyB ya haɗa waɗannan biyun. An gano jerin ne a 2001 ta hanyar kashe ƙwayoyin gadon ɗaya bayan ɗaya a bakteriyar balhimaisin. An kashe oxyB, sarƙa miƙaƙƙiya ta taru. An kashe oxyA, mai ƙulli ɗaya ta taru. An kashe oxyC, mai ƙulli biyu. Kowannensu siffar da na gabansa ya bari yake ganewa, don haka idan na farko ya tsaya, na bayansa ba su da abin yi.

Abu biyu ɗalibai ke rikitawa a nan. Na farko, P450 da aka saba karantawa oksijin yake cusawa cikin sinadari, amma Oxy ba ya haka. Yana cinye O2 da ilektiron biyu, ya zare haidurojin ɗaya daga kowane zobe, oksijin ɗin ya tafi a ruwa. An tabbatar da wannan da oksijin mai nauyi 18, ba a same shi a jikin sarƙar ba. Oksijin ɗin gadojin nan biyu na tairosin na biyu da na shida ne tun asali, OH ɗin Hpg na huɗu kuwa yana nan a buɗe yana jiran sukari. Saboda haka kowane ƙulli rage nauyi yake yi da dalton 2, ba ƙari da 16 ba. Na biyu, OxyD sunansa kawai ya yi kama da sauran, ba ya ƙulla zobe.

Tarihin fitar da waɗannan enzayim zuwa kwalbar gwaji shi ya fi koyar da haƙuri. Ƙungiyar John Robinson a Zurik ta fitar da siffar OxyB a 2002, a 2004 kuma ta nuna yana aiki idan sarƙar tana ɗaure a PCP. Aka ɗauka an samu mabuɗi. OxyA da OxyC kuwa suka ƙi motsi, aka yi shekara goma ana fama. Ashe OxyB na bankomaisin ne ya yi sauƙin kai fiye da 'yan uwansa, shi ya ɓatar da mutane. A zango na bakwai, tsakanin PCP da ɓangaren TE mai sakin sarƙa, akwai wani ɓangare da ake kira X. Yana kama da ɓangaren C amma ba ya haɗa komai, an daɗe ba a san amfaninsa ba. A 2015 ƙungiyar Max Cryle, a lokacin tana cibiyar Max Planck a Haidelbag, ta nuna cewa X ne masaukin Oxy: a jikinsa suke sauka ɗaya bayan ɗaya, ya kusanto da su ga sarƙar da ke rataye a PCP na kusa. Da aka haɗa PCP da X a furotin guda, OxyA ya yi aiki, OxyE ya yi, a 2018 kuma ƙungiyar Mohammad Seyedsayamdost a Princeton ta nuna aikin OxyC. Ɓangaren TE ma yana da zaɓi, ya fi saurin sakin sarƙar da aka gama ƙullawa a kan wadda ba a gama ba, wannan ya ba Oxy lokacin kammala aikinsu. A ganina babu wurin da ya fi nan nuna haɗarin yanke wa dangi hukunci da halin mutum guda.

Wanda zai yi wannan gwaji da hannunsa, ga inda abubuwa ke lalacewa. Ana samar da Oxy a E. coli a zafi ƙasa-ƙasa, wajen digiri 18, tare da ƙara aminolebulinik asid don ƙwayar ta yi isasshen him. Furotin mai kyau ja yake fitowa, amma ja ba shaida ba ne. A rage shi, wato a ba shi ilektiron, da dayitayonait, a busa masa kabon monoksaid, a duba na'urar auna haske: tsauni a nanomita 450 shi ne mai rai, a 420 yawanci ya lalace. Da wannan tsaunin ake lissafa yawan enzayim, da lambar 91 ga kowane milimola a santimita, ba da awon furotin gaba ɗaya ba, don wani kaso ba shi da him. Oxy ba ya karɓar ilektiron kai tsaye daga NADH ko NADPH, sai ta hannun feredoksin da mai rage feredoksin. Tarin ƙwayoyin gadon ba ya ɗauke da su, aro ake yi, ko feredoksin na alayyafon Turai, ko PuR da PuxB na Rhodopseudomonas palustris. Idan abokan ba su dace ba, ko sarƙar ba ta zauna daidai ba, ilektiron na zubewa su zama haidurojin feroksaid, ya ƙone him ɗin. Alamarsa ita ce NADH na ƙarewa amma babu abin da ya fito. Katalas na rage ɓarnar, gulukos da enzayim mai sabunta NADH kuma suna hana shi yankewa a tsakiyar aiki.

Sarƙar kanta da hannu ake haɗa ta a kan resin, kuma Hpg da Dpg ba su da juriya: haidurojin ɗin kabon alfa ɗinsu na saurin fita, alkali mai ƙarfi ko daɗewa cikin fiferidin sai D da L su cakuɗe. Nauyi ba zai nuna maka ba, tun da iri ɗaya ne, sai dai ka ga tsauni biyu a HPLC, na'urar raba sinadarai, inda kake jiran ɗaya, Oxy kuma ya juya rabi ya bar rabi. Bayan haka a maƙala sarƙar a CoA, a yi amfani da enzayim ɗin Sfp na Bacillus subtilis a ɗora ta kan PCP-X. Dole PCP ɗin ya zama marar hannu tukuna, idan E. coli ya riga ya maƙala masa fosfofantetin babu gurbin ɗorawa, kuma ƙarin 340 ɗin nan ne zai tona. Ɗaurin tayo'esta ba ya son pH sama da 8, don haka a tsaya kusa da 7, a kuma yi hankali da yawan DTT. A ƙarshe a yanke sarƙar da metilamin. Hikimar wannan ita ce duk sarƙar da ta kasance a ɗaure har ƙarshe za ta fito da alamar metilamid, wadda ta faɗi tun da wuri kuwa za ta fito a asid, sai ka san wadda za ka ƙirga.

Bayan TE ya saki gangar jikin, sauran enzayim a sake suke samunta, kuma aikinsu ya fi sauƙin nazari. MtfA ya ɗora metil a kan lusin daga SAM, sinadarin da ke ba da metil. GtfE ya ɗora gulukos a kan OH ɗin gurbi na huɗu, GtfD ya ɗora sukarin bankosamin a kan gulukos ɗin, kuma ba ya iya riga GtfE. Taikofilanin ya fi ado: sukari uku, ɗaya daga ciki ana cire masa asetil a maye da wutsiyar kitse mai kabon 10 ko 11, wadda ke kafa maganin a fatar bakteriya. Enzayim mai ɗora wutsiyar ba ya tsananta zaɓi, shi ya sa taikofilanin gauraye ne na A2-1 zuwa A2-5, kuma abinci ke juya rabon. Balin na ƙara A2-2, aisolusin A2-4, lusin A2-5, man da ke da oleyik asid A2-3. Wanda ya sauya man da ke cikin abincin reno ya ga tsaunukan HPLC sun sauya tsawo, kada ya zargi na'ura. Wannan wutsiya ce masu haɗa magani suka kwaikwaya: telabansin daga bankomaisin a 2009, sai dalbabansin daga maganin A40926, mai tasa wutsiyar tun asali, da oritabansin daga kiloro'eremomaisin, duka a 2014.

Bakteriyar da ke yin maganin ita ma tana da bango, to yaya take tsira? Da yawansu suna da VanH da VanA da VanX. VanH na yin D-laktet daga fairubet, VanA na haɗa D-Ala-D-Lac, VanX na farfasa D-Ala-D-Ala da ya rage. Ɗaurin haidurojin ɗaya ya ɓace, oksijin biyu suka fuskanci juna suna turewa, riƙon ya ragu kusan sau dubu. Irin waɗannan ƙwayoyin gado ne aka gani a Enterococcus na asibiti a Faransa da Ingila a ƙarshen shekarun 1980, aka kuma same su a Staphylococcus aureus a Michigan a 2002.

Gaskiya ita ce gwajin Oxy a kwalba yana bukatar firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili da LC-MS, na'urar raba sinadarai da auna nauyinsu, da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke da su ba. Amma kariyar nan ta VanHAX ta buɗe ƙofar da ɗalibin digiri na biyu a Katsina ko Daura zai iya shiga da kayan da ke hannu. Ƙungiyar Gerry Wright ta Jami'ar McMaster a Kanada ta nuna a 2013 cewa idan ka sa bankomaisin cikin abincin ware bakteriyar ƙasa, masu yin irin wannan magani za su tsira su yawaita cikin abin da ya tsiro, kuma ta haka suka samu sabon maganin fekiskomaisin. Dangin bakteriyar suna nan a ƙasarmu: ƙamshin da ke tashi da ruwan fari, jiyosmin ne da wannan dangi, aktinomaisit, ke yi. A ɗebo ƙasa daga zurfin santimita 5 zuwa 15, daga gona da fadama da gindin bishiya, gefen madatsar Ajiwa ko Zobe ko Sabke, a rubuta wurin da ranar. A shanya ta a inuwa kamar mako guda, bushewa na kashe yawancin masu saurin tsiro ta bar ƙwayayen aktinomaisit. A tsarma giram 1 cikin mililita 9 na ruwan gishiri, a ci gaba har sau uku ko huɗu, a shimfiɗa kan agar mai sitaci da kesin. A sa nistatin ko saikuloheksimaid saboda fumfuna, nalidiksik asid saboda masu Gram marar kamu, waɗanda bankomaisin ba ya taɓawa, sannan bankomaisin kamar maikurogiram 10 a mililita. A ƙara su bayan agar ya huce zuwa digiri 50, ba kafin a dafa ba. Reno a digiri 28 zuwa 30, mako biyu zuwa uku. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina na wuce digiri 40, injin reno mai ɗumamawa kawai ba zai iya saukowa 28 ba, agar kuma zai tsage kafin Amycolatopsis ya fito. Ko a nemi mai sanyaya, ko a tsara aikin da damina ko sanyi, a zuba agar da kauri, a naɗe faranti. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Duk abin da ya tsiro a nan yana ɗauke da juriyar magani, sai an dafa shi a digiri 121 na aƙalla minti 15 kafin a zubar.

Tsira daga bankomaisin ba ya nufin ƙwayar na yin magani, wasu kariyar kawai suke da ita. Sai a bi da PCR na oxyB ko na mai saka kilorin. DNA ɗin waɗannan ƙwayoyi kusan kashi 70 cikin ɗari G da C ne, ba ya rabuwa da sauƙi, kuma yawancin PCR da ke fitowa fanko a nan rashin DMSO kashi 5 cikin ɗari ne ko rashin fasa bango da laisozayim yadda ya kamata. Wajen gwada ruwan reno, a yi da Bacillus subtilis, a sa E. coli a gefe: maganin mai nauyin dalton 1449 ba ya ratsa fatar waje ta E. coli, don haka idan ya mutu shi ma, wani abu daban ne ke aiki. Gwajin da ya fi yanke gardama shi ne a zuba dayi'asetil-Lys-D-Ala-D-Ala cikin ruwan. Idan gilaikofeftaid ne, wato ɗan dangin bankomaisin mai kama D-Ala-D-Ala, zai kama wannan ya bar bakteriyar, da'irar kisa ta ragu ko ta ɓace. Kada a yi tsammanin babbar da'ira tun farko, girman sinadarin na hana shi yaɗuwa cikin agar. Wannan dalilin ne ma ya sa gwajin faifai ba ya bambance Staphylococcus aureus mai jin bankomaisin da mai matsakaiciyar juriya. Duk kundin da ya ba da rahoton juriyar bankomaisin a wannan ƙwaya da faifai kaɗai, ba tare da awon MIC ba, wato mafi ƙarancin maganin da ke hana ƙwayar girma, bai kamata ya wuce gaban mai duba shi ba. Iyakokin su ne 2 ko ƙasa mai ji, 4 zuwa 8 matsakaici, 16 ko sama mai juriya, a maikurogiram cikin mililita.

Idan an samu kuɗin karanta DNA ɗin ƙwayar gaba ɗaya, sauran aikin kwamfuta ne da intanet, da manhajar antiSMASH wadda kyauta ce. A nemi zango bakwai, a nemi X a na ƙarshe. A ƙirga oxy bayan an ware oxyD gefe: uku na nuna gidan bankomaisin ko abofasin, huɗu gidan ristosetin ko taikofilanin, kuma mai ɗora wutsiyar kitse ke raba biyun ƙarshe. Bayan waɗannan gidaje huɗu akwai na biyar, ƙirgar ba ta aiki a can, inda kistamaisin ke samun ƙulli uku daga Oxy biyu kacal. Masu ɗora sukari da kilorin da metil da salfet kowanne na ba ka hasashen nauyi kafin ka aika samfur wurin masu LC-MS: kilorin 34, metil 14, OH 16, gulukos 162. Bankomaisin kansa yakan bayyana a 724.7 mai caji biyu, ya zubar da bankosamin ya bar 1305, ya zubar da gulukos ya bar 1143. A aika samfurin a bushe kuma cikin sanyi. Idan ya kwana a ruwa cikin zafin mota daga Katsina zuwa Zariya ko Legas, asfarajin ɗin gurbi na uku na rasa amid ɗinsa, sarƙar ta sauya zubi ta koma CDP-1 wanda ba ya kashe bakteriya, kuma bambancinsa da na asali a na'ura dalton 1 ne kawai.